Ƙananan Iyaye Mata a Ƙasar Birnin Gwari: Waiwaye a Kan Haihuwar Ƙuruciya da Masu Ɗaukar Nauyinta

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin tambaya guda cikin tarihin ƙasar Birnin Gwari, watau idan yarinya 'yar shekara 14 ko 15 ta sami ciki, wa yake ɗaukar nauyinta? Mun ɗauko zancen ta wannan fuska ne domin muhawarar da aka saba yi, tun daga zauren majalisa har shafukan jarida, ta tsaya ne a kan shekarun da ya kamata a ɗaura wa yarinya aure. Ita kuwa wadda ta riga ta ɗauki cikin, da wuya a ji wanda ya tambayi inda za ta haihu, ko wanda zai kama mata reno, ko abin da za ta zama bayan ta yaye.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance abu biyu. A Ingila da Amurka, idan ana zancen cikin ƙuruciya, yawanci ana nufin 'yan matan da ba su da aure. A ƙasar Hausa kuwa mafi yawan waɗannan yara matan aure ne, da sadakinsu da shaidunsu, ba kuwa wanda yake ganin cikin nasu abin kunya ne. Saboda haka maganin da aka haɗa don waccan cuta ba lalle ya yi wa tamu aiki ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 29. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, a cikin waɗanda ba su taɓa shiga makarantar boko ba kashi 44 ne, a cikin waɗanda suka wuce sakandare kuwa kashi 1 tak.

Ƙasar da Hanyarta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina, daga gabas kuma da ƙasar Giwa. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, mutanenta kuma a ƙidayar 2006 sun ɗara 250,000. Ƙasa ce ta noma da kiwo da haƙar zinariya. A zamanin Turawa tana cikin gundumomi masu cin gashin kansu na Lardin Zazzau, a lokacin ne kuma, cikin 1936, aka keɓe dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Dajin nan ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara.

Abin da ya raya garin a ƙarni na 20 shi ne hanyar mota wadda ta taso daga Kaduna ta bi ta Tegina ta nufi Jebba da Ikko, da kuma wadda ta yi arewa zuwa Funtuwa. Muna roƙon a riƙe zancen hanyar nan, gama rayuwar mai naƙuda a ƙauye a kanta ta rataya.

Yadda Magabata Suka Tallafi Ƙaramar Uwa

Hujja mafi kusa da muke da ita a rubuce a kan zaman matan karkara na wannan yanki ita ce tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa cikin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Giwa maƙwabciyar Birnin Gwari ce, al'adun aure da haihuwa na Hausawan ƙasashen biyu kuwa ba su da wata tazara. An yi wa Baba auren fari tana da kimanin shekara 14, haka kuma aka yi wa tsararrakinta. Ke nan auren wuri ba baƙon abu ba ne. To amma wanda ya karanta labarin da natsuwa zai lura cewa ba a taɓa sakar wa yarinya ragamar gida da reno ita kaɗai ba.

Da farko dai amarya ba gidan kanta take tarewa ba, cikin gandu take shiga. Maigida, watau uban miji ko wansa, shi ne mai rumbu, shi yake biyan haraji, shi ya yi wa yaron aure, shi kuma zai yanka ragon suna. Angon, wanda sau da yawa shi ma bai daɗe da fita ƙuruciya ba, aikinsa noma ne a gonar gandu, da ɗan gayaunarsa da yamma. M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na tattalin arzikin Hausawan Zazzau na 1955. Ita kuma amarya tana ƙarƙashin uwar miji da matan wannai, ba ta ma fara girki sai an ɗauki kwanaki.

Idan cikin fari ya tsufa, sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, ko kuwa in ta haihu a ɗakinta a tafi da ita wanka gida. A can uwarta da kakarta da gwaggwanninta za su kewaye ta. Ungozoma ta yanke cibi, ta yi wa jariri wanka. Ita mai jego a dafa mata ruwa safe da yamma har kwana 40 ko fiye, a dama mata kunun kanwa, a yi mata farfesun ƙauri da yaji, ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa. Sa'an nan ga kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi kuma galibi kaka ce take ɗaukarsa. Mutanen yanzu sukan yi wa wannan al'ada dariya, amma a ganinmu akwai hikima a ƙarƙashinta. Al'umma ta san wadda ta haifi ɗan fari yarinya ce, sai ta sauke mata nauyin renonsa ta hanyar da ba za a ce ta kasa ba. Haka nan shayarwa ta kusan shekara biyu, da ƙyamar da ake yi wa kwanika, sun ba jikinta hutu kafin wani cikin.

Har ila yau akwai bambancin da malaman fiƙihu suka yi tsakanin ɗaurin aure da tarewa. Ana iya ɗaura aure a jinkirta tarewa har sai yarinya ta isa, tsofaffin mata kuwa su ne masu duba isar tata.

Kada a ɗauka muna cewa zamanin da babu aibi. Tsarin ya iya ciyarwa da reno da rarrashi, amma akwai wuri guda da ya tsaya cik, shi ne doguwar naƙuda. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, babu rubutun sha ko saiwa da za ta buɗe ƙashi. Kunyar nan da muka yaba ita ce kuma take hana yarinya faɗin cewa naƙuda ta kama ta, sai ta kwana tana murƙususu a ɗaki don kada a ce ba ta da dauriya. Idan abu ya ƙi, sai a kira mai aska a yi yankan gishiri, wanda sau da yawa ƙara ɓarna yake yi.

Abin da Asibitin Zariya Ya Gano

Ba a san girman wannan ɓarna da alƙalami ba sai da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara tattara lissafi. Likita Tahzib ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a Zariya daga 1969 zuwa 1980, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Da yawansu a haihuwar fari abin ya same su. Yadda cutar take aukuwa shi ne, kan ɗa ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu kwana biyu ko uku, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe. Ɗan yawanci ba ya zuwa da rai. Uwar kuma ta koma gida da wari, miji ya gaji ya sake ta, wani lokaci har a ware mata kwanon ci.

A wannan asibiti ne kuma Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya tabbatar da cewa 'yan ƙasa da shekara 16 suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Amma ya nuna wani abu kuma wanda masu muhawara ba su cika ambatonsa ba. Mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda ba a kawo su ba sai da abu ya lalace, kusan dukkansu kuwa ba su yi makaranta ba. Yaran da suka zo awo, aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, da yawansu har tsawo suka ƙara suna ɗauke da cikin, gama jikinsu bai gama girma ba, haihuwar kuma ta zo musu da sauƙi fiye da 'yan'uwansu. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, ƙarancin shekaru haɗari ne, amma rashin awo da nisan asibiti su ne suke mai da haɗarin ya zama ajali.

Likitocin Zariya ba su ƙyale wankan jego ba ma. A cikin shekarun 1970 Davidson da Parry suka danganta ciwon zuciyar da yake kama masu jego a ƙasar Zazzau da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wannan gyara ne ga al'adar, bai zama dalilin raina kulawar kwana 40 da ke cikinta ba.

Daga baya aka sami wuraren gyaran yoyon fitsari. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a 1983, ya ƙare da ɗinke dubban mata, ya kuma horar da likitocin ƙasa. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da sashen da ke asibitin Ƙofar Gayan a Zariya. Wannan na Zariya sunan Hajiya Gambo Sawaba aka sa masa, ita kuwa an yi mata aure tana da shekara 13, ta haihu da ƙuruciya, ta kuma yi rayuwarta ta siyasa tana faɗa da auren dole da tauye mata.

Makaranta da Doka

Abin da ya fara ɗaga shekarun haihuwar fari a karkara, a iyakar fahimtarmu, shirin ilmin firamare kyauta ne na 1976. Ba don an koya wa yara wani darasi a kan aure ba, sai don yarinyar da take aji tana da uzurin da uba zai ba masu neman aurenta. Inda makaranta ta tsaya a aji shida, aure yakan biyo bayan aji shida. Inda akwai sakandare kusa, wadda yarinya za ta je ta dawo kafin la'asar, sai a ƙara mata shekara uku ko shida. Uban da ya ƙi tura 'yarsa makarantar da ke nisan tafiyar sa'a biyu cikin daji ba lalle maƙiyin ilmi ba ne. Lissafi ya yi: ga talla tana kawo kuɗin kayan ɗaki, ga tsoron abin kunya, ga makarantar da yaro yake gamawa bai iya karanta wasiƙa ba.

Ta fuskar doka, an kafa Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya a 2003, wadda sashe na 21 nata ya hana aure kafin shekara 18. A 2013 Majalisar Dattawa ta yi ta kai-kawo a kan sashe na 29 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗauki matar aure a matsayin baliga, ƙasa duka ta ɗauki zafi. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, a shekarar kuma ta ɗauke wa 'yan mata kuɗin makarantar sakandare. Abin mamaki shi ne, a cikin dokar nan ta 2003 akwai sashe na 15, wanda ya ce yarinyar da ta sami ciki kafin ta gama karatu a ba ta damar komawa bayan ta haihu. Shekara da shekaru ana jayayya a kan sashe na 21, wanda ya raba kan jama'a, an bar na 15, wanda da wuya a sami malamin addini ko basaraken da zai ƙi shi. Karatun matar aure kuwa ba bidi'a ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta aika jajis ƙauyuka suna kai wa matan aure karatu har cikin gidajensu.

Da Daji Ya Rufe Hanya

Daga wajen 2011 fashin shanu ya fara ƙamari a dazuzzukan da suka haɗa Zamfara da Katsina da Kaduna, ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka. A watan Mayu 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska. A watan Maris 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku. A wannan shekara aka kwashi ɗalibai a Kagara da Tegina, maƙwabta ta Jihar Neja, a watan Maris 2024 kuma aka kwashi na Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Makarantun ƙauyuka da yawa suka zama kango, malamai da ma'aikatan asibiti suka janye zuwa gari.

An yi rubutu mai yawa a kan rayukan da aka rasa da kuɗin fansa. Abin da muke so mu nuna shi ne yadda fitinar ta sare wa ƙaramar uwa ginshiƙanta biyu a lokaci guda, na gargajiya da na zamani. Gandu ba ya tsayawa sai da gona, gona kuwa ta gagara, ko kuma sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka da kafin a girbe. Saurayin da da yake cin tuwon gandu ya tafi ramin zinariya ko acaɓa a birni. Goyon ciki yana bukatar gidan iyaye, gidan kuwa an watse, uwa tana gudun hijira a wani gari, kaka ta rasu a hanya ko tana raɓe a ɗakin aro. Makarantar da take jinkirta aure ta rufe, uba kuma ya ga aurar da 'yarsa ya fi masa kwanciyar rai da a ɗauke ta a gabansa. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta sanar cewa 'yan Ansaru da suka kafu a gabashin ƙasar, wajen Damari da Tsohon Kuyello, sun fara auren 'yan matan wurin. Akwai kuma waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa da cikin da ba su nema ba. Su waɗannan al'ada ba ta tanadar musu kome ba, ba suna, ba gara, ba mai zuwa barka.

Masana lafiya, tun daga aikin Thaddeus da Maine na 1994, sukan kasa jinkirin da yake kashe mai naƙuda kashi uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A Birnin Gwari na tsakiyan ne ya kumbura. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar ta hana hawan babur na wata uku, aka kuma katse layukan waya a wasu yankuna, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Ba mu musa dalilin ba. Sai dai a ƙauyen da ke bayan Randagi ko Kakangi, babur shi ne motar asibiti, waya kuma ita ce hanyar kiran mai babur. Yarinyar da naƙuda ta kama da magariba dole ta jira gari ya waye, ko da kuwa babban asibitin garin yana da likitan da zai yi mata aiki.

Bayan Sulhun 2024

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubar wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan sulhun. Abin da ya shafe mu shi ne, yaran da aka rufe wa makaranta suna aji uku ko huɗu a 2018, yanzu da yawansu iyaye ne masu goyo. Idan aka gyara azuzuwa aka ce yara su dawo, su ba za su dawo ba, gama ba wanda ya ɗauke su yara kuma.

Akwai abin koyi kusa. Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata ta Zariya ta daɗe tana tara 'yan mata a ƙauyukan Zazzau ƙungiya ƙungiya, a wani gida da iyaye suka amince da shi, wata mace ta koya musu karatu da lissafi da kiwon lafiya, ta kuma buɗe irin wannan zama ga ƙananan matan aure da yardar mazansu. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kaduna tana cikin jihohi bakwai na farko da ya shafa, aikinsa kuwa ya haɗa da gina sakandare kusa da gida. Duk waɗannan suna tsayawa ne a kan mace mai koyarwa, a nan kuma zancen ya dawo kanmu, mu malaman kwalejojin ilmi. Kowannenmu ya saba ganin matar aure da goyo a bayan aji, ƙanwarta tana riƙe mata jariri a gindin bishiya lokacin jarrabawa, irinsu kuwa sukan fi kowa naci. Malamar da aka turo daga Kaduna zuwa Dogon Dawa, kafin zango ya ƙare ta fara neman canji. Wadda aka haifa a can, mijinta da 'ya'yanta suna can, ba inda za ta. Amma kafin ta zo gare mu sai ta gama sakandare, kafin ta gama sakandare kuwa sai an sami ajin da zai karɓe ta da goyonta, a lokacin da ta sauke tukunyar rana, a wurin da za ta iya zuwa da ƙafa.